Allon da Dakta Ya Kawo

Kafin ku sake cika min akwatin saƙo da "don Allah ki aure shi," ku ba ni minti goma in gaya muku abin da ya faru tsakanin Litinin da Juma'ar nan. Ga wanda bai san ni ba, ni ce autar gidanmu, shekarata ashirin da takwas, kuma a ganin Gwaggo na yi shekara shida ina zubar wa dangi mutunci ta hanyar zama lafiya a gidan ubana.

Sana'ata ɗinka bajon makaranta da tambarin kamfani a jikin riga da hula. Injin da nake aiki da shi na Baba ne, Allah ya jiƙansa. Allura goma sha biyu gare shi, nauyinsa ya kai na saniya, kuma ya girmi da yawa daga cikinku. Yana ɗakin da ke kusa da ƙofar gida, daidai inda Baba ya ajiye shi, har ƙafafunsa sun bar shaida a siminti.

Injin ba ya tunani da kansa. Kwamfutar tebur ce ke gaya masa inda allura za ta faɗa, shi kuwa ba ya jin maganarta sai ta bakin wani koren kati mai tsawon tafin hannu, wanda ake cusawa a wani dogon farin rami cikin kwamfutar. Kamfanin da ya yi katin ya rufe tun ina firamare.

Sati biyu da suka wuce, ina tsakiyar bajon wata makarantar 'yan mata, sai na ji ƙauri. Sikirin ya ɗauke, allura ta tsaya a tsakiyar harafi. Na kwance murfin kwamfutar na tarar madabod ne ya ƙone, wato babban allon da ake dasa komai a kansa. Gefe guda ya yi baƙi kamar gindin tukunya, ya kuma tafi da furosesar, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar. Katin Baba ne kaɗai ya tsira. Na ciro shi, na naɗe a tsohon ɗankwali, na sa a durowa.

Gwaggo, yayar Baba, ta ji labari tun ƙaurin bai gama fita daga ɗakin ba. Ta zo ta tsaya a bakin ƙofa da jakarta a hammata.

"To, shi ke nan," in ji ta. "Inji ya bi mai shi."

"Kwamfutar ce ta lalace, Gwaggo. Injin lafiyarsa lau."

"Yana ɗinki?"

"A'a."

"To ni ma ranar da na daina numfashi, sai ki ce lafiyata lau, hancina ne kawai ya lalace."

Injin gado ne, ba nawa ni kaɗai ba. Umma tana da rabo a ciki, yayyena ma haka. Sun bar min shi ne saboda yana aiki. Akwai kuma wani tela mai manyan shaguna da ya daɗe yana zawarcinsa. A falo, a gaban kowa, Gwaggo ta yanke: idan Asabar ta sama ta zo injin bai ɗinka ko harafi ɗaya ba, tela zai turo mota. Babban yayana ya ce ya yarda ta waya. Umma kuwa tana ta gyara labulen da babu abin da ya same shi.

Asabar ɗin da ake magana ita ce wannan da muke fuskanta.

Shi kuma Dakta, ga sababbin masu karatu, likitan haƙori ne, wata takwas ke nan yana zuwa wurina. Farar rigarsa kullum a goge, takalminsa kana ganin fuskarka a ciki, idan ya shigo falo sai ƙamshin maganin kurkure baki ya riga shi zama. Yana yi miki magana yana kallon haƙoranki, ba da gangan ba. Ba ya shan komai, ba ya ƙarya a kan lokaci, yana durƙusa wa Umma har ƙasa. Babban laifinsa a wurina shi ne ya hana ni hujjar ƙin sa. Sau ɗaya kawai ya taɓa yin tuntuɓe, ranar da ya leƙa ɗakin aikina ya ce, "Injiniya, idan an yi auren nan ai kin huta da fama da tsohon ƙarfen nan."

Na ce, "Wa ya ce maka fama nake?"

Ya yi dariya. Mutum ne da ya saba cire tsoho ya dasa sabo, a kuma gode masa.

Ranar Litinin na tafi wurin Mai Tabarau, abokin Baba ne, shagonsa yana hawa na biyu a ginin masu sayar da kayan kwamfuta. Shagon bai fi tabarma biyu ba, kwalaye har rufi, fanka ɗaya tana juya zafi daga wannan kusurwa zuwa waccan. Na riga na yi kwana goma ina bincike a waya. Madabod na hannu ba na so, an taɓa sayar wa Baba guda biyu, babu wanda ya kai wata uku. A cikin sababbi kuwa, samfuri ɗaya tak na samu da har yanzu yake da farin ramin nan. Na miƙa masa sunan a takarda.

Ya duba, ya hau kujera, ya sauko da kwali biyu ya jera a gabana.

"'Yar Malam, wanne ya fi?"

"Ai iri ɗaya ne, Baba."

"Haka masu kamfanin suke so ki ce."

Suna ɗaya, hoto ɗaya, launi ɗaya. Ya buɗe su, ya ɗora biro a kusurwar kowane allo, inda aka rubuta wata 'yar lamba da sai ka matse ido. Ɗaya 1.0, ɗaya 2.0.

"Kamar littafi ne," ya ce. "Bugun farko da bugu na biyu. Bangon bai canja ba, an dai cire wasu shafuka an ƙara wasu. Kin ga wannan ɗan murabba'in da ke ƙarƙashin ƙarfe? Shi ne cifset. Ɗan sandan hanya ne, shi ke cewa wa zai yi magana da wa a kan allon. Na bugun farko yana da ɗan ciwo: kafa biyu cikin shida da ake jona ma'ajiyar fayil suna yin sanyi idan an daɗe. Sai suka gyara a bugu na biyu. Ya fi sauri kaɗan, ba ya zafi, ba ya cin wuta. Amma sabon ɗan sandan bai iya yaren tsofaffi ba, don haka suka cire farin ramin gaba ɗaya."

Na duba. A bugu na biyu, inda ramin ya kamata ya kasance, babu komai sai layi biyu na ɗigon dalma.

"Ba a faɗa a jikin kwalin ba," na ce.

"Wa zai rubuta abin da ya rage? Bugu na biyu ya fi wa kowa a garin nan, ban da ke. Ke ki ɗauki na farko, ki guji kafa biyun can, ki yi amfani da huɗun, zai kai ki shekara goma. Kuma shi ke nan ya rage min. Na tambayi dilana, ya ce an daina turo shi."

Na miƙa hannu zan ɗauka, ya dafe kwalin. Ya ce sai ya sabunta masa ɗan karatun da ke kansa kafin ya gane sabuwar furosesa, ya kuma bar shi a kunne yini guda ya ga halinsa. In dawo Laraba.

Ga kuskurena, kuma ba sai kun nuna min shi a saƙo ba. Na dawo gida da murna, na tarar da Umma tana guga a tsakar gida, na zauna a kan bokiti na kwashe komai na gaya mata. Na ɗauko katin na nuna mata haƙoransa na zinare. Har zane na yi mata a bayan ambulan: ga allo mai rami, ga allo marar rami. Umma da ko lambar waya sai na adana mata, ranar ta ajiye dutsen guga tana tambaya.

"Wato idan na biyun ne, katin ba zai shiga ba?"

"Ko da guduma."

"Ikon Allah," ta ce, ta ci gaba da gugarta.

Talata da la'asar ta leƙo ɗakina ta ce in cire wannan tsummar in sa doguwar rigata mai ruwan toka, Dakta yana hanya. Na fito falo na ga Gwaggo a kujerar Baba da mayafinta na fita unguwa, wai wucewa take yi ta biyo. Gidanta yana ɗaya ƙarshen garin, kuma bayan gidanmu babu komai sai katanga.

Dakta ya shigo da kwali naɗe a takarda mai ƙyalli, har da ɗan zare ja. Ya gaida manya, ya zauna a bakin kujera, ya ɗora kwalin a kan tebur tsakanin kofunan shayi.

"Na ji an ce mara lafiya yana buƙatar dashe," ya ce.

"Buɗe mana," in ji Gwaggo. "Ko sai an kawo miki almakashin gwal?"

Na yage takardar. Sunan da na rubuta wa Mai Tabarau ne, harafi da harafi.

Zan faɗa muku gaskiya tunda don ita kuke zuwa nan. Wata takwas yana kawo turare da agogo da jakunkunan da ban taɓa ratayawa ba, yau ga shi ya kawo abin da nake so, abin da kuma zai tsawaita ran ƙarfen da ya tsana. Na ɗago na dube shi sosai, ina jin karo na farko ke nan. Shi kuwa bai dube ni ba, ko haƙorana. Yana kallon kofinsa.

"Kin gani ko?" Gwaggo ta ce wa Umma, da muryar da ake ji daga titi. "Da wani ne, da ya ce a sayar. Wannan ya je ya sayo mata da kansa. Idan injin bai tashi ba kuma, ai ba a ce ba a yi ƙoƙari ba."

Bayan sun watse na shiga ɗakin aiki, na share tebur, na ɗauko sikundireba, na zare allon daga ledarsa. Ban ma kai ga duba lambar ba. Layi biyu na ɗigon dalma suna kallona.

Ban yi fushi ba. Na ce kuskure ne irin na mai son burgewa: ya shiga shago, an ce masa ga sabo ga tsoho, likitan haƙori kuwa ba zai zaɓi tsoho ba. Na tura masa saƙo: "Na gode ƙwarai. Akwai ɗan bambanci, gobe zan canja shi." Ya karanta nan take. Alamar yana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa. Abin da ya iso a ƙarshe shi ne, "To."

Laraba da hantsi na dire kwalin a gaban Mai Tabarau.

"Baba, an yi kuskure. A karɓi wannan a ba ni nawa."

Ya cire tabaransa ya goge da gefen riga. "Wane naki? Ai ya tafi da shi."

"Wa?"

"Likitan naki. Jiya da safe. Ya ce shi ne mai neman aurenki, gida ne suka aiko shi. Duka biyun ya ɗauka."

Na ja kujerar roba na zauna ba tare da an ce in zauna ba.

"Kun gaya masa bambancin?"

"Ni da na gaya miki, shi zan ɓoye wa? Har biro na ɗora masa. Shi ma ai ya zo da saninsa. Hoton katinki ya turo min tun daren Litinin, yana tambaya a wanne ne ba zai shiga ba. Na ɗauka so yake ya kauce masa. Da ya ce a naɗe na biyun a takardar kyauta, na farkon a sa masa a leda kawai, na ce ko wasa ne irin na masu neman aure, ya tsorata ki sannan ya fito da na gasken." Ya mayar da tabaran. "Bai fito da shi ba ke nan."

Na ce ya nuna min hoton. Ya laluba wayarsa ya miƙo.

Katin Baba ne, a kan tsohon ɗankwalina, a ɗakin aikina. Hannu ɗaya yana riƙe da shi ta gefe don hasken taga ya same shi. Babban yatsan yana da farce mai tsagi a tsakiya, wanda allurar injin ta huda tun kafin a haife ni, ranar da Baba ya ce wa Umma ta riƙe masa yadi.

Na mayar masa da wayar. Ya ce ko a yi oda daga waje, sati uku zai iso, in ma an dace an turo bugun da aka ce. Na yi masa godiya. Sauran yinin da duk Alhamis na yi su ne ina hawa da sauka a ginin nan da wasu biyu irinsa, shago shago, ina sa a buɗe min kwali ina matse ido a kusurwa. Ko'ina 2.0. Wani ma cewa ya yi, "Hajiya, mutane sabo suke nema, ke kina neman mai ciwo."

Sai yau Juma'a da safe na iya yi wa Umma magana. Tana kicin tana wanke kofuna, ta ba ni baya.

"Umma, hannunki ya yi kyau a hoto."

Ba ta juyo ba, ba ta kuma tsaya ba. Ta ɗauraye kofi ta kife.

"Na ce wa Dakta ya goge hoton," ta ce.

"Me na yi miki?"

"Ke? Babu." Ta kashe famfo ta goge hannu a zaninta. "Shekara talatin da ɗaya ina jin ƙarar injin nan, Auta. Ubanki ya shiga ɗakin can da baƙin gashi ya fito da fari. Abincinsa ta ƙofa nake turawa. Ranar da ya faɗi a ciki, injin bai tsaya ba, ya ci gaba da ɗinkinsa, ni ina nan ina yanka albasa. Sai da zare ya ƙare na ji shiru na je na duba. Ba a yi wata biyu ba kika shiga kika rufo ƙofar. Sati biyun nan da ya yi shiru, sau nawa muka ci abinci tare ni da ke?"

Kullum ne.

"Ban ce ki auri Dakta ba. Wannan waƙar Gwaggonki ce. Ki auri wanda kika ga dama, ko ki zauna. Ki dai fito daga ɗakin nan."

"Da sai ki gaya min, Umma."

"Na gaya miki ya fi sau ɗari. Injin ya fi ni murya."

Na so in ce mata ɗakin nan ne kaɗai wurin da babu mai tambayata yaushe. Na so in ce mata makarantu tara ne suka san ni da sunan aikina ba da sunan wani ba. Amma ta riga ta kunna famfo.

Na koma ɗakin aiki na zauna a gaban kwamfutar da cikinta yake buɗe. Na ɗauko waya na rubuta wa Dakta.

"Bugun farko yana ina?"

Wannan karon bai ɓata lokaci ba. "Yana wurina."

"Ka san abin da kake yi ranar Talata."

"Na sani."

"Ka zauna a falonmu ana yabonka."

"Shayin ma ban iya sha ba, ko ba ki lura ba. Umma ta kira ni tana kuka, ta ce in sayi na biyun in kawo, na farkon kuma in san yadda zan yi da shi har Asabar ta wuce. Na ce to. Ban taɓa ce wa babba a'a ba, ban san ta inda ake farawa ba."

"Sai ka fara da ni."

Ina kallon alamar rubutu tana zuwa tana komawa.

"Kwana uku yana durowar ofishina tare da auduga. Kullum sai na buɗe na dube shi. Ina jira ki tambaya. Idan na ba ki, na rasa mutum ɗaya da take sona tsakani da Allah a gidanku. Idan ban ba ki ba, ke dama ban same ki ba."

Na rubuta amsa mai tsawo na goge. Na rubuta gajera, ita ma na goge. Na kife wayar, na ɗauko tsumma na shiga goge allurai goma sha biyu ɗaya bayan ɗaya, aikin da babu wanda ya sa ni.

Da la'asar wayar ta yi ƙara.

"Ina ƙofar gida. Yana kujerar gaba, gilashi a sauke. Ba zan shigo da shi ba, Injiniya, ba ni da wannan ƙarfin. Ba kuma zan tafi da shi ba. Idan kina so, ki fito ki ɗauka da hannunki."

Na leƙa ta taga. Farar motarsa tana gindin katanga, shi yana ciki, hannu biyu a kan sitiyari kamar mai jiran a ba shi hannu. Daga nan zuwa can bai fi taku ashirin ba. Haɗa kwamfutar awa biyu ne, gwaji awa ɗaya. Motar tela sai gobe da hantsi.

Na ɗauki mayafina na yafa, na buɗe ƙofar ɗakin.

Umma ta jawo kujerar roba ta zauna a cikin ɗan lungun da ke kaiwa ƙofar gida, ta miƙe ƙafafunta daga wannan bango zuwa wancan. A cinyarta akwai tire, da faranti ɗaya, da cokali biyu.

"Na zubo mana," ta ce. "Ina za ki?"

Ba ta janye ƙafarta ba.